Matsalar Tsayawa: Ko Kwaikwayo Zai Iya Rushe Hujjar Turing?

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wata muhawara ta ilimin kwamfuta wadda, in an duba da kyau, rabinta rigima ce a kan ma'anar kalma. Tambayar ita ce: ko za a iya rubuta manhaja guda wadda duk manhajar da aka ba ta za ta faɗi daidai cewa za ta gama aiki ta tsaya, ko kuwa za ta yi ta juyi har abada? Masana sun ce ba za a iya ba. Tushen amsar shi ne takardar da Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, ya rubuta a 1936. Sunan matsalar ya yaɗu ne ta littafin Martin Davis na 1958.

Yadda Hujjar Take

A ɗauka an sami irin wannan manhaja, mu kira ta Alƙali. Sai a rubuta wata, mu kira ta Gardama, wadda aikinta shi ne ta tambayi Alƙali game da ita kanta, sannan ta saɓa masa. In ya ce za ta tsaya, sai ta yi ta juyi. In ya ce ba za ta tsaya ba, sai ta tsaya nan take. Tamkar wani fatake ne a zangon Agege da ya ce wa mai duba: “Faɗa mini ko gobe zan koma Kano. In ka ce zan tafi, zama zan yi. In ka ce zan zauna, tafiya zan yi.” Duk abin da mai duba ya faɗa ya zama ƙarya. Ke nan babu Alƙalin da zai yi daidai a kan kowace manhaja.

Ra'ayin Masu Kwaikwayo

Wasu na ganin akwai mafita. Suka ce Alƙali ya riƙa kwaikwayon aikin manhajar mataki-mataki yana lura. Da ya soma kwaikwayon Gardama zai ga ta kira Alƙali, shi ma ya soma kwaikwayonta, ita kuma ta sake kiran sa, haka dai ba iyaka. Sai ya yanke kwaikwayon, ya ce ba ta tsayawa.

A nan gizo ke saƙar. Tunda Alƙali yana yankewa ya ba da amsa, to Alƙalin da ke cikin Gardama ma haka zai yi, domin abu ɗaya ne. Gardama za ta karɓi amsar, ta tsaya, hukunci ya ƙaryata. In kuwa bai yanke ba, ba zai taɓa ba da amsa ba.

Sukan amsa da cewa, ai da bai yanke ba da ba ta tsaya ba. Ɗalibin harshe zai lura cewa wannan jimla ce ta sharaɗi a kan abin da bai faru ba. Alƙalin da ba ya yankewa wani Alƙali ne daban, Gardamar da aka gina a kansa ita ma daban take. An sauya ma'anar “tsayawa” ne a tsakiyar zance.

Iyakar Kwaikwayo

Kwaikwayo na tabbatar da tsayawa in ta auku, amma daɗewa ba shaida ba ce ta rashin tsayawa. A 2024 an tabbatar cewa a cikin injinan Turing masu hali biyar da alama biyu, wanda ya fi daɗewa kafin ya tsaya yakan yi mataki 47,176,870. Mai gajen haƙuri zai yanke masa hukunci tun da wuri.

Wannan bai hana a yi aiki ba. Manhajar Terminator ta kamfanin Microsoft ta tabbatar da tsayawar manhajoji da dama; inda abin ya gagare ta sai ta bar shi ba hukunci.

Kammalawa

Hujjar Turing na nan daram, ko da kwaikwayo ko babu. Ta kuma shafi nazarin harshe: a farkon shekarun 1960 an nuna cewa babu hanya guda ta gano ko kowane nahawu na nau'i na biyu a rabe-raben Chomsky yana haifar da jimla mai harshen damo. Saboda haka, kafin ɗalibi ya shiga muhawara, ya fara tabbatar da cewa kalmar da ake jayayya a kanta ma'anarta ɗaya ce daga farko har ƙarshe.