Satar Fasaha a Wasannin Bidiyo: Darasi Daga Kan Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Garin Jibiya yana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A Magama ne jami'an kwastan ke duba kaya kafin a tsallaka zuwa Ɗan Isa. Shekaru da dama, hajar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano takan bi ta Maraɗi sannan ta gangaro Nijeriya, wata ta halattacciyar hanya, wata ta fasa-ƙwauri. Buhun shinkafa da bandir ɗin atamfa ba sa ɓoyuwa. Wasan bidiyo kuwa, irin wanda samari ke biyan kuɗi su buga a shagunan gem, haja ce ta daban, domin ainihinsa ba faifan ba ne, bayanan da ke cikinsa ne. Wannan darasi zai bayyana dalilin tsadarsa da kuma dalilin sauƙin satarsa.

Me Ya Kawo Tsadar?

Kwafin farko na wasa shi ne mai cin kuɗi. Ɗaruruwan masana kwamfuta da masu zane da makaɗa sukan shafe shekaru suna aiki a kan wasa guda. A shekarar 2023, wasu takardun kamfanin Sony da aka gabatar a wata kotu a Amurka sun nuna cewa wasan The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220. Amma kwafi na biyu da na miliyan ba sa cin komai sai kuɗin faifai. Bugu da ƙari, masu ƙera na'urar wasa sukan sayar da ita da 'yar riba kaɗan, wani lokaci ma da faɗuwa, sannan su fanshe ta hanyar karɓar kaso a kan kowane wasa da aka sayar.

Daga shekarar 2020 manyan sababbin wasanni suka fara kai dala 70 a Amurka. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato wasa guda ya tashi a kan naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a wannan shekara naira 70,000 ne. Wannan tazara ita ce kasuwar mai satar fasaha.

Kwaɗo da Mabuɗi

Kamfanoni sun daɗe suna ƙulla dabarun kare hajarsu. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar Famicom a 1983. Da ya kai ta Amurka a 1985, sai ya dasa wani ɗan guntun lantarki a cikin na'urar da wani a cikin kaset, ta yadda idan ba su gane juna ba wasa ba zai tashi ba. Duk da haka, masana'antu a Taiwan da Sin suka riƙa ƙera na'urori na kwaikwayo, tare da kaset mai iƙirarin ɗauke da dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne aka maimaita.

A 1994 Sony ya fitar da PlayStation mai amfani da faifan CD. Faifai ya fi kaset arha wajen bugawa, ya kuma fi shi ɗaukar bayanai, sai dai ya fi shi sauƙin kwafa. Saboda haka aka ɓoye wata alama a farkon layin faifai na asali, cikin wata 'yar karkarwa da na'urar kwafa ta gida ba ta iya maimaitawa. Ba a daɗe ba sai masu gyara suka samo wani guntun lantarki da ake liƙawa a cikin na'urar, wanda ke aika mata da alamar ƙarya, ta ɗauka faifan na gaske ne.

Iyakar da Ba Ta Tsare Bayanai

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu domin daƙile fasa-ƙwauri, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Rufe iyaka yana iya tsayar da motar kaya, amma kafin wannan lokaci satar wasanni ta riga ta bar faifai ta koma intanet da ma'adanar bayanai ta aljihu. Abin da ba shi da nauyi ba ya tsayawa a shingen Magama.

Wa Ke Asara?

Ɗalibin da ke ganin asarar ta Turawa da Japanawa ce kawai, sai ya dubi masu shirya finafinan Hausa na Kano, waɗanda satar faifai ta durƙusar da jarin da yawa daga cikinsu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta haramta kwafar aikin wani don sayarwa, har da karya kariyar fasaha da aka yi masa, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da aiwatar da ita. Shi ma mai saye yana cikin haɗari, domin wasan sata kan zo da cutar kwamfuta, kuma kamfani na iya toshe na'urar da aka taɓa daga shiga intanet.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa kwaɗo da shinge jinkirta ɓarawo kawai suke yi. Abin da ya fi rage sata shi ne a daidaita farashi da aljihun mai saye. Kasuwar intanet ta Steam tana ba masu wasanni damar sa farashi daban ga ƙasashe daban-daban. Kamfanin Konami kuwa ya mayar da wasansa na ƙwallon ƙafa kyauta a 2021 da sunan eFootball, yana samun kuɗi daga ƙananan abubuwan da ake saye a ciki. Matashin da ke fatan ƙirƙirar nasa wasan wata rana zai buƙaci doka ta kare shi, zai kuma buƙaci farashin da 'yan garinsu za su iya biya.

Aikin Aji

1. Idan an kashe dala miliyan 220 wajen yin wasa, kamfani kuma yana samun dala 40 a kan kowane kwafi, kwafi nawa zai sayar kafin ya mayar da jarinsa?
2. A bayyana bambancin fasa-ƙwaurin shinkafa da satar wasan bidiyo.
3. A shirya muhawara a kan ko tsadar kaya tana iya zama hujjar satar fasaha.