Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake gardama kan hurumin masu gyaran ƙashin baya?

Tambaya: Wani mai karatu daga Katsina ya rubuto cewa yayansa direban babbar mota ne a jihar Texas ta Amurka, kuma ciwon baya ya matsa masa, har yana zuwa wurin wani da ake kira kairofirakta, mai danna gadon baya da hannu. Yayan ya ba shi labari cewa masu wannan sana'a suna neman a gyara doka a faɗaɗa musu aiki, har wasunsu su riƙa rubuta magani, likitocin asibiti kuwa sun ce ba su yarda ba. Shi ne yake tambaya: tun da ana kiran mutumin dokta, me ya hana shi rubuta magani tun farko? Kuma wannan ƙi da likitoci suke yi, ba hassada ba ce kawai?

Amsa: Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, Allah ya ba yayanka lafiya. Tambayar taka ta haɗa abu biyu: mene ne aikin mutumin nan, kuma wa yake yanke masa inda zai tsaya.

Kairofirakta shi ne wanda ya karanci duba ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, yana kuma yin magani galibi da hannunsa. Yakan kwantar da mutum a kan gado na musamman, ya danna wata gaɓa ta gadon baya da sauri, sau da yawa har a ji ta yi ƙara. Mutanenmu kan ɗauka mai ɗori ne irin na Turawa, amma aikinsu ya sha bamban. Mai ɗori karaya da targaɗe yake gyarawa, shi kuwa wannan ba ya ɗora karaya, kuma in ƙashi ya karye ma bai kamata ya danna wurin ba. Haka nan ba shi ne likitan gashin ƙashi da muka sani a asibitocinmu ba, ko da yake ayyukansu suna haɗuwa a wurare da dama. A Amurka yakan yi kimanin shekara 4 a kwalejin wannan fanni, ya fito da digirin da ke ba shi damar amsa sunan dokta. Sai dai karatunsa daban ne da na likitan asibiti. Ilimin magunguna da ake ba shi kaɗan ne, kuma ba a wajabta masa shekarun horon nan da sabon likita yake yi a ɗakunan marasa lafiya a ƙarƙashin manya ba.

Abin da ake gardama a kansa shi ne hurumin aiki, wato jerin abubuwan da doka ta yarda mai lasisi ya yi wa marar lafiya da waɗanda ta hana shi. Yayanka zai fi kowa gane wannan: mai lasisin ƙaramar mota direba ne, mai lasisin tirela ma direba ne, amma ba a ba na farko tirela sai ya sake koyo an gwada shi. A Amurka kowace jiha ce take rubuta hurumin da kanta, ba gwamnatin tarayya ba, shi ya sa abin da ya halatta a wannan jiha zai iya zama laifi a maƙwabciyarta. A jihar Oregon, wanda ya yi ƙarin horo yana iya yin 'yar ƙaramar tiyata, har ma da karɓar haihuwa. A Texas kuwa doka ta hana shi tiyata da rubuta magungunan da sai da takardar likita ake sayarwa.

To, hassada ce? Akwai ƙamshin gaskiya a zatonka, kuma tarihi ya nuna haka. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara sana'ar a garin Davenport na jihar Iowa a 1895. A 1906 aka ɗaure shi bisa laifin yin aikin likita ba lasisi, kuma almajiransa da yawa sun sha kamu a shekarun da suka biyo baya. Jihar Kansas ce ta fara yi musu dokar lasisi a 1913, ta ƙarshe kuwa, Louisiana, sai a 1974. A 1963 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa wani kwamiti na yaƙi da likitocin bogi, wanda babban abin da ya sa a gaba shi ne ganin bayan wannan sana'a, kuma ƙa'idar ƙungiyar ta hana likita yin hulɗar aiki da su. Wani kairofirakta mai suna Chester Wilk da abokansa suka kai ƙara a 1976. A 1987 alƙaliya Susan Getzendanner ta kotun tarayya a Chicago ta yanke cewa ƙungiyar likitocin ta karya dokar hana danniya a kasuwa, domin ta haɗa baki don ta durƙusar da abokan gogayyarta. Saboda haka in kairofirakta ya ce maka likitoci sun daɗe suna yi musu bi-ta-da-ƙulli, ba ƙarya yake yi ba.

Amma a nan nake so ka ɗan dakata, domin hukuncin nan bai ce koyarwar Palmer gaskiya ce ba. Palmer ya koyar da cewa kusan dukkan cututtuka daga gocewar ƙasusuwan gadon baya suke tasowa, wai ƙashin da ya goce yana danne jijiya, jijiyar kuma ta hana lafiya isa ga sauran jiki. In da haka ne, da danna baya zai warkar da asma da hawan jini da ciwon kunne. Bincike bai tabbatar da haka ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Birtaniya, wadda dokar 1994 ta kafa, ta faɗa wa 'ya'yanta ƙarara cewa babu hujjar bincike da za ta ba su damar cewa wannan gocewa ita ke jawo cututtuka. Inda hujja take shi ne ciwon baya na yau da kullum. A nan danna baya yana kawo sauƙi matsakaici, kwatankwacin abin da motsa jiki ko gashin ƙashi ke kawowa, har a 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta sa shi cikin hanyoyin da ya kamata a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. Wannan shawara ta zo a lokacin da magungunan kashe zafi masu kama jiki, dangin su kodin da tiramadol da muka san ɓarnarsu a nan gida, suke kashe dubban Amurkawa duk shekara.

Sauye-sauyen da ake nema ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a zuba su a tukunya guda. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na rubuta magani, kuma jihar New Mexico ce ta fara gwada shi. A 2008 ta ƙirƙiro wani matsayi na gaba ga kairofiraktocin da suka yi ƙarin karatu na awa 90, ta ba su damar rubuta wasu abubuwa ƙalilan, irin su bitamin da magungunan tsirrai. Magunguna masu haɗari da na allura kuwa, dokar ta ce sai hukumar likitoci da ta masu haɗa magunguna sun amince. Da hukumar kairofiraktocin jihar ta ƙara wasu magunguna a jerin ba tare da wannan amincewa ba, aka tafi kotu, kuma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke ƙarin. Abin da zai ba ka mamaki, cikin waɗanda suka kai ƙarar har da Ƙungiyar Kairofiraktoci ta Ƙasa da Ƙasa. Ka ga ke nan ba likitoci kaɗai ke adawa ba. Sana'ar ta rabu gida biyu tun zamanin Palmer: akwai masu cewa aikinsu hannu ne zalla, ranar da suka fara rubuta ƙwaya sun bar gidan ubansu, akwai kuma masu son su zama likitocin baya da gaɓoɓi cikakku, da hannu da magani duka.

Ni dai a ganina awa 90 ta yi kaɗan ƙwarai. Rubuta magani ba sanin sunan ƙwaya da adadinta ba ne kawai. Ko maganin kashe zafi da ake ganin ƙarami ne yana iya tayar da gyambon ciki, ya lalata ƙoda, ko ya yi karo da maganin hawan jini da mutum yake sha. Wanda zai rubuta dole ya taɓa ganin irin waɗannan marasa lafiya a kwance, ya san alamun farko na ɓarna. Ƙasar Suwizalan ta bi hanyar da ta fi kwanta mini a rai. A can doka ta sa wannan sana'a cikin sana'o'in likitanci 5 da ake karantawa a jami'a, kuma tun 2008 ake koyar da ita a tsangayar likitanci ta Jami'ar Zurich, shekara 6, inda ɗalibai suke yin shekarun farko tare da ɗaliban likitanci, sannan su yi horo a ƙarƙashin manya. Bayan sun kammala wannan horo, suna da damar rubuta wasu magungunan kashe zafi da na kumburi. 

Nau'i na biyu shi ne gardama kan bincike da gano cuta, kuma jihar yayanka ce fagen fama. Ƙungiyar Likitocin Texas ta shafe kusan shekara 10 a kotu da hukumar kairofiraktocin jihar kan ko huruminsu ya haɗa da jijiyoyi, da kuma ko za su iya yin wani gwajin motsin idanu da ake yi wa mai jiri. A watan Janairun 2021 Kotun Ƙolin Texas ta ba hukumar gaskiya, bisa cewa ba a raba ƙashi da tsoka da jijiyoyin da ke motsa su. Wannan irin faɗaɗawa ba ta tayar mini da hankali kamar ta magani. Mutumin da zai ɗora hannu a kan wuyanka gara ya iya bincikarka da kyau, ya gane lokacin da matsalar ta fi ƙarfinsa, ya tura ka gaba.

Na uku zancen kuɗi ne, kuma shi ne aka fi kai wa majalisar tarayya. Shirin inshorar lafiya na Medicare, wanda gwamnati ke yi wa 'yan shekara 65 zuwa sama, ya fara biyan kairofiraktoci a 1972, amma danna baya kaɗai yake biya. Duba marar lafiya da hoton ƙashi da kairofirakta ya sa a ɗauka, tsoho ne zai biya daga aljihunsa. An sha gabatar da ƙuduri a majalisa don shirin ya riƙa biyan sauran ayyukan da jiha ta riga ta halatta musu. Wannan ƙuduri bai ƙara musu hurumi ko taku ɗaya ba, wanda zai biya kawai yake sauyawa, amma a bakin mutane yakan cuɗe da zancen magani.

Kada kuma ka ɗauka kullum faɗaɗawa ake yi, wani wuri ragewa ake yi. A Ostareliya, a 2019, wani bidiyo ya bazu na kairofirakta a Melbourne yana yi wa jariri ɗan mako 2 aiki. Hankalin jama'a ya tashi, hukumarsu ta dakatar da danna bayan yara 'yan ƙasa da shekara 2. A ƙarshen 2023 ta ɗage dakatarwar, ministocin lafiya suka nuna rashin amincewa, a watan Yunin 2024 ta mayar da ita. A nan ina tare da ministocin ɗari bisa ɗari. Babu hujja mai ƙarfi cewa danna baya yana maganin kukan ciki ko rashin barcin jariri, kuma inda amfani bai tabbata ba, ko ƙaramin haɗari bai cancanci a ɗora wa yaron da bai iya cewa "da zafi" ba.

Ga manya ma akwai wurin da ake taka-tsantsan, wato wuya. Akwai jijiyoyin jini da suke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an samu mutanen da jijiyar ta tsage, suka samu shanyewar ɓarin jiki bayan an murɗa musu wuya. Abin ba ya yawan faruwa, kuma masana suna gardama kan ko murɗawar ce ta jawo, ko kuwa jijiyar ta riga ta fara tsagewa, ciwon wuyan da ta haifar ne ya kai mutumin wurin kairofirakta. Ko wanne ne, haƙƙin marar lafiya ne a gaya masa wannan kafin a taɓa wuyansa, kuma yana da damar ya ce a bar wuyan a tsaya a baya.

A Najeriya masu wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai, amma doka ta san da su. Hukumar da ke yi wa likitocin gashin ƙashi rajista, wadda aka kafa da dokar 1988, ita ce ke da alhakin yi wa kairofiraktoci rajista su ma. Afirka ta Kudu kuwa tana horar da nata a jami'o'i biyu, ɗaya a Durban ɗaya a Johannesburg. Na kawo wannan ne saboda bidiyoyin danna baya da suka cika wayoyinmu, har wasu suna kwaikwayo suna buɗe shago. Ƙarar da ake ji a bidiyon ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce da ke cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsa. Duk wanda ya ce maka shi kairofirakta ne, ka nemi ganin rajistarsa. Haka a Amurka, kowace jiha tana da hukumar da ake duba lasisin mutum a shafinta na intanet kyauta.

Akwai kuma ciwon bayan da ba ya cikin hurumin kairofirakta ko a wace jiha, ko da an faɗaɗa dokar. In ciwon ya zo da mutuwar ƙafa ko rauninta, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓucewa ko suka ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, wannan asibiti ake nufa nan take, domin yana iya zama jijiyoyin ƙasan laka ne suka matsu, kuma jinkiri yana iya barin nakasa. Haka in akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, musamman a ƙasashenmu da tarin fuka kan kama ƙashin baya, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko mutum ya taɓa yin ciwon daji. A irin wannan hali sai likita ya duba, an ɗauki hoto, kafin kowa ya danna bayan.