Idan injin mota ya yi zafi, mu nemi ciwon kafin magani

A gundumomin Magarya da Dungas mota ce ke kai amfanin gonarmu kasuwa. Ita ke ɗaukar raken Bande da Wacha zuwa Damagaram, ita ke kai dabbobi da hatsi Maigatari ranar Alhamis, ita ce kuma ke kai mai naƙuda gidan likita da dare. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, ga yashi, ga nauyin kaya. A lokacin ne muke yawan ganin mota a bakin hanya tana tururi. Darasinmu na yau zai nuna yadda za mu gane abin da ke damun injin, daki daki, kafin mu kashe kuɗi.

Yadda injin ke shan iska

Injin yana ƙona mai, saboda haka dole ya yi zafi. Ruwa ne ke zagayawa cikinsa yana kwashe zafin. Famfon ruwa ke tura shi zuwa radiyata, fanka ta hura masa iska, ya huce, ya koma. Akwai wata ƴar ƙofa da ake kira termosta. Tana rufe da safe, sai ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 sannan ta buɗe. Injin mai lafiya yana aiki a wajen digiri 90.

Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma murfin radiyata yana danne shi, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Shi ya sa buɗe murfin da zafi ke da haɗari: ruwan zai tafasa nan take, ya feso wa mutum a fuska.

Abin yi a kan hanya

Idan allurar zafi ta hau ja, mu tsaya a gefe, mu kashe injin. Idan tururi na fita, mu bari ya lafa kafin mu ɗaga murfin gaba. Mu jira minti 30 ko fiye. Sannan mu sa tsumma mai kauri, mu murɗa murfin radiyata sannu sannu, fuskarmu a gefe. Kada mu kwara ruwan sanyi cikin injin mai zafi, domin ƙarfen kansa na iya tsagewa.

Ko allura ta faɗi gaskiya?

Ba kullum ba. Allura tana samun labari ne daga wani ɗan maɓalli da ke jiƙe cikin ruwan injin, ta hanyar waya guda. Idan maɓallin ya lalace, ko wayar ta saɓule ta taɓa ƙarfe, allura za ta hau ja alhali injin lafiya lau yake. Ga gwaji mai sauƙi: da safe, kafin a tada mota, mu murɗa makulli kawai. Idan allura ta yi tsalle zuwa ja, injin kuwa da sanyinsa, to laifin na waya ne ko na maɓalli. Wannan gyara ne mai araha.

Akwai kuma akasin haka. Idan ruwa ya tsiyaye ƙarƙaf, maɓallin ba ya taɓa ruwa, allura na iya zama ƙasa alhali injin na ƙonewa. Don haka mu haɗa da hanci da kunne. Warin ƙuna, da ƙarar ƙarfe, da raguwar ƙarfin mota, duk shaidu ne.

Bincike daga mai araha zuwa mai tsada

1. Ruwa. Ya ragu? Mu duba ƙarƙashin mota, da tiyo, da bakin famfo, ko akwai ɗigo.

2. Murfin radiyata. Idan robarsa ta tsage, ba ya riƙe ruwa. Mu sake shi.

3. Fuskar radiyata. Ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya suna toshe ta, musamman da kaka. Mu wanke ta daga ɓangaren injin zuwa waje.

4. Igiyar fanka, wato fambel. Bayan an kashe injin, mu danna ta da babban yatsa. Idan ta lotsa fiye da santimita 1 da rabi, ta yi sako-sako. Idan fankar ta lantarki ce, mu kiyaye hannu, domin tana iya tashi ko da injin a kashe.

5. Termosta. Idan injin ya yi zafi amma tiyon sama bai ɗumama ba, ƙofar ta ƙi buɗewa. Makaniki na iya jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwa ya tafasa. Wasu na cire ta su yar. Gara a sa sabuwa, domin injin da ba shi da ita yana daɗewa bai ɗumama ba, yana kuma ƙara shan mai.

6. Gaskit ɗin kan injin. Alamunsa su ne farin hayaƙi mai yawa, da kumfa na tasowa a bakin radiyata, da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Idan mun ga haka, kada mu sake tada motar. A ja ta zuwa gareji.

Lokacin da zafin ke zuwa shi ma jagora ne. Idan mota na zafi a tsaye ko cikin yashi, amma ta huce a kan kwalta, mu zargi fanka. Idan sai tana gudu da kaya take zafi, mu zargi radiyata da ta toshe daga ciki. Ruwan rijiya mai kanwa ko laka ne ke kawo wannan toshewa. Ruwan sama da aka tace ya fi shi, ruwan radiyata na kanti kuma ya fi duka.

Lafiyarmu

Ruwan radiyata na kanti guba ne, ga shi da zaƙi. Mu nisanta shi da yara da dabbobi, kada mu zuba shi cikin kwalbar abin sha.

Idan ruwan zafi ya ƙona mutum, mu riƙa zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Mu cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada mu shafa baƙin mai, ko man goge baki, ko toka. Kada mu fasa bororo. Mu rufe da ƙyalle mai tsabta. Idan ƙunar ta shafi fuska, ko hannu, ko ta kai faɗin tafin hannu, ko kuwa yaro ne, mu garzaya gidan likita.

Mu tuna

Rigakafi ya fi magani. Kowace safiya mu duba ruwa da baƙin mai kafin mu tada mota. Mu riƙe jarkar ruwa mai tsabta a cikinta. Mu rage kaya da tsakar rana.

Tambayoyi

1. Minti nawa za mu jira kafin mu buɗe murfin radiyata?

2. Ta yaya za mu gane allura ba ta faɗi gaskiya ba?

3. Me za mu fara yi wa wanda ruwan zafi ya ƙona?