Yadda Ake Gina Manhajar Da Ba Ta Daskarewa Ranar Kasuwa: Darasi Kan Maikrosabis Da Rumbunan Bayanai

Duk wanda ya yi ciniki a farkon shekarar 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan an sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya san wannan yanayin. An ɗaure damin rake a Makarfi, mota na jira, mai saye ya danna tura kuɗi, sai ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa a fuskar waya. An cire kuɗi a wancan asusun, mai rake bai ga alat ba. Abin da kowa ke cewa shi ne "babu netwok". Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa sandunan sabis a cike suke, matsalar tana can wajen uwar garke, wato kwamfutocin da ke karɓar buƙatar wayar su ba da amsa. Yadda aka gina manhajar da ke kansu ne ke sa ta jure cunkoso ko ta shaƙe.

Don darasin ya zauna, a ɗauka wasu matasa uku, ɗaya daga Ikara, ɗaya daga Makarfi, ɗaya daga Hunkuyi hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, sun haɗu za su gina manhajar da za ta haɗa manoman tumatir da rake da inabi da dillalan Zariya da Kano da Legas. Manhajar za ta yi rajistar mutane, ta nuna hotunan kaya, ta faɗi farashin yau, ta karɓi kuɗi, ta aika saƙon tes, ta kuma nuna inda motar kaya take.

Dunƙule ko rarrabe

Hanyar da aka saba ita ce a rubuta duk waɗannan ayyuka cikin manhaja guda, da rumbun bayanai guda. Ana kiranta monolit, wato dunƙulalliya. Tana da sauƙin farawa, sai dai idan sashen hotuna ya cinye ƙarfin kwamfutar, sashen biyan kuɗi ma ya tsaya, tunda gida ɗaya suke.

A tsarin maikrosabis kuwa, kowane aiki ƙaramar manhaja ce mai cin gashin kanta: ta kuɗi daban, ta tallan kaya daban, ta saƙonni daban, suna magana da juna ta hanyar sadarwa. Kamar kasuwa ce mai layi-layi. Idan layin 'yan tumatir ya cushe, layin 'yan hatsi na ci gaba da awo. Kamfanin Netflix na Amurka na cikin waɗanda suka yi fice da wannan salo. A watan Agustan 2008 rumbun bayanansa ya lalace, ya yi kwana uku bai iya aika wa abokan hulɗa fayafayen DVD ba, daga nan ya fara rarraba tsarinsa, aikin da bai kammala ba sai Janairun 2016. Kalmar kanta ta bazu ne bayan maƙalar da James Lewis da Martin Fowler suka wallafa a Maris 2014.

Jira shi ne abokin gaba

Rarraba manhaja kaɗai ba ya hana ta daskarewa. A nan ne kalmar riyaktif ke shigowa, kuma teburin mai shayi ya isa ya bayyana ta.

Akwai mai shayin da idan ya ɗora indomi a wuta sai ya tsaya yana kallon tukunya har ta dahu, sannan ya juyo ga na gaba. Don ya sallami mutum goma a lokaci guda, sai ya ɗauki yara goma da risho goma. Akwai kuma wanda zai ɗora indomin, ya juya ya haɗa wa wani shayi, ya yanka wa wani burodi, ya fasa ƙwai, da ya ji tukunya ta yi sai ya koma kanta. Indomin ba ta dahu da wuri a hannun na biyun ba. Bambancin kawai shi ne bai ɓata hannunsa wajen jira ba.

A cikin uwar garke, waɗannan yaran su ne ake kira zaren aiki. A tsarin da aka saba, kowace buƙata da ta shigo ana ba ta zare guda, ya riƙe ta har ƙarshe. Tomcat, wadda manhajojin Java da yawa ke gudana a kai, tana zuwa da iyakar zare 200 idan ba a sauya ba. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: idan kowace buƙatar biyan kuɗi tana jiran amsar banki na daƙiƙa 2, zare 200 za su sallami buƙata 100 a daƙiƙa. Ranar da bankin ya yi nauyi, jiran ya koma daƙiƙa 10, sai adadin ya faɗo zuwa 20. Ragowar mutane suna layi, har wanda farashin kwandon tumatir kawai ya zo dubawa, alhali furosesar kwamfutar a zaune take ba ta aikin komai. Kowane zare kuma yana cin nasa rabon RAM, don haka ba a ƙara su yadda aka ga dama.

Manhajar riyaktif ita ce mai shayi na biyu. Zaren aiki ya aika tambaya banki ko rumbun bayanai, ya bar alamar abin da za a yi idan amsa ta zo, ya koma kan wata buƙatar. Da zare kaɗan, kusan adadin kawunan furosesa, ana iya riƙe dubban wayoyi a lokaci ɗaya. Node.js, wadda Ryan Dahl ya fitar a 2009, a kan wannan dabarar aka gina ta tun asali. A ɓangaren Java, Spring WebFlux ta zo cikin Spring 5 a Satumban 2017, tana gudana bisa Netty. Abubuwa biyu ne mai koyo zai yi ta karo da su a cikinta: Mono, alkawarin amsa guda ko babu, kamar bayanin ciniki ɗaya, da Flux, alkawarin jerin amsoshi da ke zuwa bi da bi, kamar farashin da ke sauyawa daga safe zuwa yamma.

Akwai wani sashe na tsarin da ake yawan mantawa: mai karɓa na da ikon jan linzami. Wayar da ke gona a bayan Kudan da sabis rabi-rabi ba za ta iya haɗiye tallan kaya dubu a tashi ɗaya ba. Tsarin riyaktif yana ba ɓangaren da ke karɓa damar cewa a turo ashirin tukuna, idan ya gama ya nemi ƙari, maimakon a tara masa har ma'adana ta cika.

Kowane bayani da irin rumbunsa

Ƙa'idar maikrosabis ita ce kowace hidima ta mallaki rumbun bayananta, kuma wata ba ta zura hannu a ciki. Idan tana son wani abu ta tambaya ta ƙofa. Wannan ne ke ba da damar zaɓa wa kowane bayani rumbun da ya dace da shi.

Kuɗi wurinsu rumbu mai jadawali ne irin PostgreSQL ko MySQL. Dalilin guda ne: a cikinsu ana iya ɗaure ayyuka biyu su zama ɗaya, ko dai a cire Naira dubu 300 daga asusun dillali a kuma zuba wa manomi, ko kuma kada ko ɗaya ya faru. Ko wuta ta ɗauke a tsakiya, rumbun ba zai bar rabin ciniki ba.

Tallan kaya kuwa ba shi da siffa ɗaya. Tumatir ana maganar kwando da nau'in iri da ranar da aka tsinka. Rake ana maganar dami da kauri, fari ne ko ja. Inabi ana maganar kilo da launi. Cusa waɗannan cikin jadawali guda zai bar gurabe birjik babu komai. MongoDB, wadda ta fito a 2009, tana ajiye kowane talla a matsayin takarda mai zaman kanta, kowace da nata bayanan. Sai Redis, wadda Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya ƙirƙira a shekarar 2009 ɗin, tana riƙe bayanai a RAM, shi ya sa take da saurin gaske. Ita ta dace da farashin yau da kowa ke dubawa sau ɗari, da lambobin sirri na wucin gadi, domin ana iya ce mata ta goge lamba da kanta bayan minti biyar. Ana kuma ambaton Cassandra, wadda Facebook ya saki ga jama'a a 2008, don bayanan da ke kwarara ba tsayawa kamar wurin da motoci suke. Gaskiyar magana, motocin da ke lodi a ƙananan hukumomi uku ba su kai yawan da za a ɗauko ta ba.

Ga tarkon da sababbin magina ke faɗawa. Sai a rubuta hidima da WebFlux, sannan a haɗa ta da PostgreSQL ta JDBC, tsohuwar hanyar Java ta magana da rumbu. JDBC tana tsayar da zare har amsa ta zo. A tsarin da zarensa huɗu ne ko takwas, tambayoyi kaɗan masu nauyi sun isa su tsayar da komai, abin ya fi na Tomcat muni. Maganin shi ne R2DBC, wadda aka yi don wannan gurbin, sigarta ta 1.0 ta fito a 2022. MongoDB da Redis da Cassandra duk suna da nasu hanyoyin haɗi marasa tsayar da zare.

Inda gizo ke saƙar

Rarraba rumbuna yana da farashi, kuma a kan kuɗin mutane ake biyansa. Dillali a Kano ya sayi kwando 50 daga Ikara. Hidimar kuɗi ta cire masa kuɗi a nata rumbun, hidimar kaya kuma ya kamata ta rage kwando 50 a nata. Babu igiyar da ta ɗaure rumbunan biyu. Idan ta biyun ta faɗi a daidai lokacin, an karɓi kuɗi, kayan kuma suna nan a talla, wani zai sake saye. Tumatir ba ya jiran a sasanta rigima. Kwana kaɗan ya ruɓe.

Dabarar da ake bi ana kiranta saga, sunan da Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka ba ta a 1987. Ana raba cinikin mataki-mataki, kowane mataki da aikin warware shi. A fara da keɓe kwando 50, sannan a cire kuɗi, sannan a tabbatar. Idan cire kuɗi ya gagara, a saki kwandunan. Idan kayan suka ƙare bayan an cire, a mayar da kuɗi. Hidimomin suna sanar da juna ta layin saƙonni irin Kafka ko RabbitMQ, wanda ke riƙe saƙo har mai shi ya farfaɗo ya karɓa. Kuɗin da ke dawowa asusu da kansa bayan tiransifa ta gaza, irin wannan warwarewar ce.

Sai batun danna sau biyu. Sabis ya yanke a hanyar Hunkuyi, dillali bai ga amsa ba, ya sake danna biya. Uwar garke ta karɓi buƙatu biyu. Don kada a cire kuɗi sau biyu, wayar tana ƙirƙirar lambar shaida ta musamman ga cinikin tun kafin ta aika, ta maimaita ta duk lokacin da ta sake gwadawa. Hidimar kuɗi na ajiye lambar a jadawali da sharaɗin ba ta maimaituwa. Idan ta sake gani, sai ta mayar da amsar farko kawai. Layukan saƙonni ma kan isar da saƙo ɗaya sau biyu, don haka kowace hidima na buƙatar wannan kariyar. Haka kuma kowace tambaya da aka aika waje a sa mata wa'adi, misali daƙiƙa 5. Idan ya wuce, a nuna wa mai waya "ana kan aiki, kada ka sake biya", wanda ya fi da'ira mai juyawa mutunci.

Shin matasan nan uku suna buƙatar duk wannan?

A ranar farko, a'a. Hidima shida da rumbu huɗu na nufin abubuwa goma da za a sa wa ido, da kuɗin hayar uwar garke da galibi da dala ake biya. Kuskure a manhajar riyaktif ma ya fi wuyar bin sawu, domin aikin yana tsallakawa daga zare zuwa zare. Martin Fowler da kansa ya ba da shawara a 2015 cewa a fara da dunƙulalliya. Ƙari a kan haka, Java 21 da ta fito a Satumban 2023 ta zo da zaren aiki marasa nauyi da ake iya buɗe dubbai, abin da ya rage wa WebFlux wani ɓangare na hujjarta. Abin da ya fi dacewa da su shi ne manhaja guda mai ɗakuna a tsare, da PostgreSQL, wadda ma tana iya ajiye takardu irin na MongoDB ta nau'in JSONB. Ranar da duba farashi ya fara danne biyan kuɗi, sai a ciro sashen farashi a ba shi Redis. Lambar shaidar ciniki da wa'adin jira kam, tun ranar farko ake sa su.

Mai son gwadawa ba sai ya mallaki laftof ba. Termux, da ake saukewa daga F-Droid a wayar Android, tana girka Node.js da PostgreSQL da Redis da Java. Mai kwamfuta kuma ya shiga start.spring.io ya zaɓi Spring Reactive Web da Spring Data R2DBC da Spring Data Reactive Redis. Gwajin farko: a rubuta hidimar farashi da ke karantawa daga Redis, da hidimar ciniki da ke rubutawa a PostgreSQL. A sa jinkirin daƙiƙa 10 da gangan a hidimar ciniki, a duba ko farashi na fitowa nan take. Sannan a aika ciniki ɗaya sau uku da lambar shaida guda, a buɗe jadawalin a ƙirga layukan da suka shiga. Idan sun wuce ɗaya, a koma kan sharaɗin hana maimaici.