Darasi: Lita Nawa Motar Ke Sha?

Masu ƙera motoci sukan ce motarsu ba ta shan mai da yawa. Ba kullum maganar ke zama gaskiya ba.

A shekarar 2016, kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan ya amsa laifinsa. Ya yi maguɗi a gwajin shan mai na ƙananan motoci 625,000. Yawancinsu kamfanin Nissan ya ƙera wa. Da Nissan ya sake gwada su, sai ya ga lissafi bai yi daidai ba. Asiri ya tonu, shugaban Mitsubishi ya ajiye aiki.

Ko ba a yi maguɗi ba, a ɗakin gwaji ake auna mota. Can babu rami, babu yashi, babu buhunan masara a bayanta.

Gara direba ya auna da kansa. Ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita da motar ta nuna. Bayan tafiya ya sake cikawa, ya rubuta lita nawa ta sha. Sai ya raba kilomitar da ya yi da yawan litar. Misali: kilomita 300, lita 30. Ke nan lita ɗaya ta kai shi kilomita 10. Mai babur ma haka zai yi.