Darasin Juma'a: Agogo Daban, Rana Daban

Mu da muke nan Terminus, kusan kowa yana da nasa a nesa: mahaifi a Illela, ɗa a Bawku ta Ghana, goggo a Mai Wurno ta Sudan. Waya ta haɗa mu da su, amma ba ta haɗa lokacinmu da nasu ba. Abu biyu ne ke rikita mutane, agogo da rana, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko, agogo. Shi yarjejeniya ce, kowace ƙasa da wanda ta zaɓa wa kanta. Najeriya da Nijar da Benin da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Shi ya sa wanda ya tsallaka daga Illela zuwa Konni, ko daga Jibiya zuwa Maraɗi, ba ya taɓa agogonsa. Ghana da Togo da Burkina Faso da Mali kuwa suna bayanmu da awa 1. Direban da ya ɗauko kaya daga Kwatano, da ya wuce bodar Hilakonji ya shiga Togo, ƙarfe 10 ta koma ƙarfe 9, alhali tafiyar ƙafa ce tsakani. Ta gabas kuma, Adre a Chadi da Junaina a Sudan makwabta ne, amma Junaina na gaba da awa 1. Makka na gabanmu da awa 2, Dubai 3, Guangzhou 7.

Kuma gwamnati na iya sauya shi. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa 1 a ranar 1 ga Nuwamba 2017. Ingila daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinta ɗaya da namu, sauran watanni tana bayanmu da awa 1.

Na biyu, rana. Ita babu ruwanta da boda. Tana fitowa ta gabas, duk digiri 1 da aka matsa yamma tana jinkiri da minti 4. Jos da Maiduguri agogo ɗaya ne, amma rana kan yi zawali a Maiduguri kimanin minti 17 kafin Jos. Sakkwato na bayan Jos da kusan minti 15, Legas da fiye da minti 20. Mai Wurno kuwa, awa 1 ce tsakaninmu a agogo, amma a rana ya kai awa 1 da minti 40.

To, salla da azumi rana suke bi. Alƙur'ani ya nuna salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 103, kuma a Baƙara aya ta 187 an umarce mu da cika azumi zuwa dare. Don haka wanda ke Jos ya sha ruwa da jadawalin Maiduguri da aka turo masa a WhatsApp, ko da kiran sallar Harami da ya gani a talabijin, ya sha ne rana na sama. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya buɗe baki bisa zaton rana ta faɗi, sannan ta bayyana ba ta faɗi ba, sai ya rama wannan yinin.

Alƙawarin ciniki kuwa agogo yake bi. In ka ce wa dillali a Bawku ya sa kaya a mota ƙarfe 6, faɗa masa ƙarfe 6 ɗin waye, naka ko nasa. Awa ɗaya ta isa mota ta tashi, kaya su kwana a tasha, zargi ya shiga tsakanin mutane biyu masu gaskiya.

Abin kiyayewa:
1. Duba sunan garin da ke saman jadawali kafin ka yi aiki da shi ko ka tura wa wani.
2. Matafiyi ya bi ladanin garin da ya sauka.
3. Kusa da boda waya kan kama layin ƙasar makwabta ta sauya lokaci da kanta, a tambayi mutanen gari.
4. Iyaye mata, kafin a kira yaro a wata ƙasa, a lissafa ko yana aiki ko yana barci.

Allah Ya sa albarka a lokutanmu da kasuwancinmu, Ya karɓi ibadunmu. Amin.