Darasi don ƙungiyoyin mata: kuɗin ciyarwa bayan aure ya mutu

A ƙungiyoyin adashi da muke zagawa a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da wuya a rasa bazawara mai yara biyu ko uku a hannu. Idan aka tambaye ta ko uban yaran yana aiko da wani abu, amsar kusan iri ɗaya ce: "Ya ce sai kaka." Kaka ta zo ta wuce, gero ya shiga rumbu, shi kuma ya tafi ci-rani. Wannan darasi yana duba abin da doka ta ba irin wannan mace, da hanyar karɓarsa.

Da farko a san irin auren da aka ɗaura, domin shi ne zai nuna kotun da za a je.

Auren Musulunci yana hannun kotun Shari'a, wadda ke bin mazhabar Malikiyya. Matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana da ci da wurin kwana a kan mijin har ta gama idda. Wadda aka yi wa saki uku, wurin kwana kawai take da shi, sai in tana da ciki: ita ana ciyar da ita har ta haihu. Da idda ta cika, ciyarwarta ta sauka daga kansa. Ta yara kuwa tana nan, ko da suna ɗakin uwarsu ko na kakarsu. Uba ne zai ci da ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta.

Ga wurin da mata da yawa suke yin asara. Ciyarwar matar da miji mai hali ya ƙi bayarwa bashi ce a kansa, ana iya binsa ko an daɗe. Ta yara ba haka take ba. A ƙa'idar Malikiyya, watannin da suka wuce sun wuce, sai fa in alƙali ya riga ya yanka abin da uban zai riƙa bayarwa, ko kuma wanda ya ciyar da su ya tabbatar ba kyauta ya yi ba. Ke nan macen da ta yi shiru shekara uku tana sana'ar ƙuli-ƙuli tana ci da yara, tana iya zuwa kotu ta tarar an yanka mata daga yau ne kawai. Muna yaba haƙuri, amma a nan yana cin kuɗi.

Ga Kirista, aure a coci ba kullum ne yake zama auren rajista ba. A duba takardar. In an yi shi bisa Dokar Aure, da takardar magatakarda, to Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi. Dokar shari'un aure ta 1970, sashe na 70, ta ba kotu ikon yanka kuɗin ciyarwa ga mace ko miji, da yaran da ba su kai shekara 21 ba. Ta kuma yarda a cire kuɗin daga albashin wanda ya ƙi biya.

Ba sai an fara da kotu ba. A je wurin waliyyi ko kawu, sannan mai unguwa da dagaci, ko liman, ko fasto da dattawan ikilisiya. Sau da yawa kunyar zaure tana yin abin da sammaci bai yi ba. Amma kome aka shirya a rubuta shi, da kwanan wata da shaidu biyu. In manomi ne, gara a yanka da hatsi: tiya kaza a wata, ko buhu kaza da kaka, domin naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sai a kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita. Uwa ta riƙe ƙaramin littafi tana rubuta abin da ya shigo, da rasiɗin asibiti da na makaranta. In ba ta karatu, sakatariyar ƙungiya ta taimaka.

In ya karya hukunci, a koma kotun da ta yanke shi a nemi a zartar. Wadda ba ta gamsu ba tana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse. A 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara ta Jigawa. Marar kuɗin lauya kuma ta nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Tambayoyi don tattaunawa: Mata nawa ne a ƙungiyarku ke riƙe da yara ba tare da takardar ciyarwa ba? Wa zai raka su kotu ranar farko, kuma daga wace asusu kuɗin mota zai fito?